Nauyin Manhajar Shanun Sorau

Kuna shigowa shagon nan ku uku-uku, ku huɗu-huɗu, kowa da wayarsa a hannu, kuna ce mini, "Baba Sani, a koya mana haɗa manhaja, mun gani a bidiyo sati biyu ake yi." Ba na musu da ku. Shafin farko, mai launi da maɓalli da sunan mutum a sama, ko yini ɗaya ba ya ci. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne zaman da ke biyo baya, sa'ad da abin ya tashi amma ba ya tafiya daidai, kuma duk garin babu wanda za ka tambaya. Wannan zaman shi ne sana'ar. Sauran duk ado ne.

Kakana daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin tufafi, ya zauna a Nassarawo. Mahaifina tela ne. Ni kuwa da buga takardun ɗalibai na fara, a shagon wani mutum da ake kira Oga Yohanna. Shi ya fara nuna mini cewa kwamfuta ba injin buga takarda ba ce kawai, ana iya rubuta mata umarni ta bi. Shekara guda bai bar ni na taɓa madannai da sunan rubuta umarni ba. Sai na rubuta a takarda, na bi layi-layi da bakin biro, na faɗa masa abin da kwamfuta za ta yi a kowane layi. In na yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya turo mini takardar ya ce, "Sani, sake bi." A shekarar da mutanen gari suka watse saboda rikici, ya kwashe iyalinsa ya koma Yola, bai dawo da zama ba. Tun daga nan duk abin da na koya, ni kaɗai na koye shi, daga bidiyo da guntayen rubutun Turanci da nake karantawa rabi ina tsallake rabi.

Kayan aikina ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Wannan kwamfutar ta cinya ta girmi wasunku a makaranta. Marufan kwalba huɗu nake sa mata a ƙasa don iska ta shiga, in ba haka ba tana ɗaukar zafi ta mutu ana tsakar aiki. Kebul ɗaya ne mai kyau a cikin goman da ke rataye can, na ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace. Wayoyin gwaji biyu, ɗaya gilashinta a fashe. Sai sola da batir ɗaya, wanda in hadari ya rufe rana kwana biyu, aiki ya tsaya. A wannan kwamfutar, in na canza layi ɗaya na ce ta sake gina manhaja ta tura wa waya, ina iya zuwa masallaci in yi la'asar in dawo ba ta gama ba.

Akwai abin da muke kira dibog, wato farautar kuskure. Za ka haɗa waya da kwamfuta da kebul, manhajar tana aiki a waya, kwamfuta tana bin ta taki-taki, tana rubuta duk abin da ta yi, ka iya tsayar da ita a kowane layi ka leƙa cikinta. Manhajar da aka gina don wannan aikin ita ce ta gwaji. In an gama, sai a gina wata daga umarnin nan ɗaya, wadda aka sauke wa duk kayan sa ido, ita ce ta fitarwa, wadda ake ba mutane. Ku riƙe wannan bambancin. Ni na san shi a baki tun da daɗewa, amma ban san girmansa ba, domin ƙananan manhajojin da na saba yi, na jerin magani da na rajistar ɗalibai, ba sa nuna wani bambanci tsakanin biyun.

Aikin da ya karya ni, wata mata ce ta kawo shi, Madam Rifkatu, 'yar Sahuda, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi. Wata ƙungiya ta ɗauke ta, ita da abokan aikinta biyu, su yi rajistar garkunan shanu a wajen Sorau kafin a kawo allurar rigakafin ciwon huhu. Allurar ba ta isa kowa ba, don haka garken da ke cikin jeri shi za a yi wa. Ta zo shagon nan da safe, ta ajiye jakarta a kan wannan bencin.

"Injiniya, mu takarda ya ishe mu," in ji ta. "Ruwa yana jiƙa shi, mashin yana yaga shi. Muna so waya ya ɗauki sunan mai shanu, da yawan shanu, da hoto, da wurin da ruga yake. Kuma can ba sabis."

Na ce ba matsala, manhajar za ta ajiye komai a cikin waya, in an zo inda akwai sabis ta tura.

"Kafin ruwa ya zauna za ka gama?"

Na ce da yardar Allah.

Don aikin ya yi kyau, sai na ɗauki sabbin kayan gini da ake yayi a lokacin, waɗanda ban taɓa aiki da su ba. Cikin sati uku manhajar ta tashi. Na tsara ta yadda Oga Yohanna ya koya mini: duk abin da aka shigar, nan take a rubuta shi a ma'ajiyar waya, kafin a matsa gaba. Ko batir ya mutu, ko waya ta faɗi, abin da aka rubuta yana nan.

Sai dai nauyi. In ka danna "ajiye", sai allo ya tsaya cak. Na ƙirga da agogo, daƙiƙa tara kafin shafi na gaba ya buɗe. In ka ja jerin sunaye da yatsa, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar amalanke a cikin yashi. Na tura wa Madam Rifkatu a wayarta ta kebul ɗin nan mai jan zare, irin ta gwajin da nake aiki da ita, na ce mu je mu gwada a fili.

Mun hau mashin biyu har Sorau, rugar wani dattijo da ake kira Ardo Buba, shugaban makiyayan wajen. Shi ne ya shawo kan mutanensa su yarda da rajistar. Ku 'yan cikin gari ba za ku san nauyin wannan ba. Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, ko ga ɗan'uwansa. Wasu na tsoron baki, wasu na tsoron haraji, wasu na tsoron labari ya kai kunnen ɓarayi. Ardo ya bi su ɗaya-ɗaya ya ce shi ya tsaya, maganar ba za ta wuce wayar Madam ba sai wurin masu allura.

Mutum biyar suka zauna a kan tabarma. Na farko ya sunkuyo ya faɗi adadinsa a hankali, Madam ta shigar, ta danna. Allo ya tsaya. Duk muka zuba wa wayar ido. Mutumin ya dubi Ardo.

"Malam," in ji Ardo, "wayan nan da wa yake shawara?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ta magana da kowa, ajiyewa take yi."

"To, ajiya yana daɗe haka?"

Biyu daga cikin mutanen suka tashi suka ce za su duba maruƙa, ba su dawo ba. A hanyar komawa, da muka tsaya a bakin mayo, wato kogi, muna jiran a tsallaka da mashin, Madam ta ce mini, "Injiniya, in haka zai yi, ba za su tsaya ba. Mutum ya faɗa maka sirrinsa, kana riƙe da waya kana jira, zai ga kamar kana tura wa wani. Ka sa shi ya yi sauri, ko mu koma takarda."

Sati shida na yi ina bin wannan nauyin. Kullum in na buɗe shago, kebul a waya, waya a kan tebur, ina danna "ajiye" ina ƙirgawa. Na rage girman hotuna, ya sauko daƙiƙa takwas. Na cire launuka da inuwar maɓallai, bai motsa ba. Na sake rubuta shafin jerin sunaye har sau uku. Na zargi wayar, na aro ta maƙwabcina mai sayar da takalma, ita ma haka. Na zargi kebul. Na zargi zafi, na sa wayar a kan tulu mai sanyi. Kuma don in gano inda lokacin ke tafiya, sai na ƙara cusa layukan da ke rubuta rahoton kowane motsi, manhajar ta ƙara nauyi, ni kuma na ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa. Na rubuta tambaya a wani dandalin masu wannan sana'a da Turancina, kwana huɗu ba amsa, sai wani ya rubuto layi ɗaya yana tambayar wace iri na gina. Ban gane inda ya dosa ba, na ɗauka raini ne, na rufe shafin. Lambar Oga Yohanna tana cikin wayata duk wannan lokacin. Na yi shekara goma da wani abu ina cin gashin kaina, ana kirana Injiniya, ban kira shi ba.

Duk ma'aunin da na duba yana nuna wuri ɗaya: lokacin rubutawa a ma'ajiya. A nan allo ke tsayawa. Ruwan farko ya riga ya sauka, Madam tana kira safe da yamma. Sai na yanke shawara. Na bar sunan mai shanu kaɗai ana rubuta shi nan take, tunda ba shi da nauyi. Sauran, adadi da hoto da wurin ruga, na ce su tsaya a ƙwaƙwalwar waya ta wucin gadi, su yi layi, in sabis ya samu a tura su gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar nan kamar tafin hannu take, tana riƙe abu ne muddin manhajar na buɗe. Na gwada a shago sau ashirin, komai ya isa, domin a shago akwai sabis, layin ba ya minti ɗaya yake wucewa. Nauyin ya sauko daƙiƙa huɗu.

Ƙungiyar ta ce sai an ba su irin ta fitarwa kafin su sa a wayoyin ma'aikata. Ranar ce na fara gina ta fitarwa a wannan aikin. Na sa a waya, na danna "ajiye". Kafin in ɗauke yatsa shafi ya buɗe. Jerin sunaye yana gudu kamar ruwa. Na ce ashe gyaran da na yi ne ya kama. Madam ta zo ta danna sau uku, ta yi dariya ta ce, "Yanzu ka yi aiki."

Sati uku suka yi a daji su uku, ruga zuwa ruga, wani wurin da ƙafa. Kullum sunaye na ƙaruwa a allo, suna gani, hankalinsu a kwance. Abin da ba su gani ba shi ne, wayoyin nan ƙanana ne. In aka kira mutum, ko ya buɗe kyamara, ko ya sa wayar a aljihu ta daɗe, sai wayar ta rufe manhajar da kanta don ta samu sarari. In batir ya mutu ma haka. Duk lokacin da hakan ta faru, layin nan da ke jiran sabis sai ya goge. In an sake buɗewa, sunaye na nan reras, ba abin da zai nuna an yi asara.

Da hantsi suka dawo, wata Litinin, takalmansu duk laka. Suka jera wayoyin uku a kan teburin nan, muka tura. Na buɗe jerin a kwamfuta. Suna, sai fili. Suna, sai fili. A cikin garke fiye da ɗari biyu, waɗanda bayanansu suka cika ba su kai ashirin ba, su ma na ranar ƙarshe ne, na kan hanya.

"Injiniya, bai gama zuwa ba ne?" in ji Madam.

Na ce ta ba ni wayar. Na haɗa kebul, na shiga ma'ajiyar, na duba kowane lungu. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Tun a ta farko na san abin da ya faru, amma sai da na duba duka kafin na ɗago kai.

Na ce, "Madam, babu su."

"Babu a ina? A kwamfuta ko a waya?"

"Ko'ina."

Ta zauna a bencin, ta cire ɗankwalinta ta sake ɗaurawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni ko takarda za ta yi, na ce za ta yi. Kwana biyar suka rage a rufe jerin.

Na bi su muka koma da takarda da biro. Mayo ya cika, sai da muka kwana biyu a gefen nan kafin ya sauka. Da muka isa, rabin rugagen sun tashi, sun hau tudu saboda ruwa, wasu sun tsallaka iyaka. Waɗanda muka tarar suka ce sun riga sun faɗa sau ɗaya. Wani ya ce in adadin ba ya cikin waya, to yana hannun wani, a gaya musu hannun wa. Ardo ya saurare ni har na gama bayanin ma'ajiya da ƙwaƙwalwa. Ban san abin da ya ɗauka a ciki ba.

"Malam, ni na ce musu na tsaya," in ji shi. "Yanzu in koma in ce me?"

Na ce a ce musu laifina ne.

"Ba su san ka ba. Ni suka sani."

Garke talatin da wani abu muka samu a takarda. Allurar ta tafi inda jeri ya cika. Da kaka ta wuce, ciwon huhun ya shigo ta wajen Sorau. Ba zan ce muku allura za ta tsare kowace saniya ba, ban san wannan ba, ba fannina ba ne. Na dai san ranakun kasuwar shanu na wannan rani, ana ta sauke shanu masu tari daga mota ana kai wa mahauta kafin su faɗi, kuma na san daga inda ake kawo su. Ƙungiyar ba ta sabunta aikin Madam ba. Ni ma ba wanda ya sake kawo mini aikin manhaja mai girma. Garin nan ƙarami ne a wajen labari.

A watan Kirsimeti Oga Yohanna ya zo ganin dangi, ya biyo ta shago da rana. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya riga ya ji labarin. Ya zauna a kujerata ya ce, "Kana da ta farkon? Kafin ka taɓa ta?"

Na ce ina da ita, shi ya koya mini kada in goge tsohon aiki.

"Gina mini ita. Ba ta gwaji ba, ta fitarwa."

Muka zauna muna jiran kwamfuta, yana tambayata mutanen unguwa, wa ya rasu, wa ya tashi. Da ta gama na sa a wayar nan mai fasasshen gilashi. Ya zare kebul da hannunsa ya ajiye gefe. Ya shigar da suna, da adadi, ya ɗauki hoton ƙofar shago, ya danna "ajiye".

Shafi ya buɗe nan take.

Ya sake, ya sake. Manhajar farko ce, mai rubuta komai a ma'ajiya, mai launuka da manyan hotuna, wadda ban cire wa komai ba. Ba ta da nauyi. Ba ta taɓa yin nauyi ba. Sabbin kayan ginin nan, in suna cikin yanayin gwaji, suna tafiya ne da kayan sa ido masu nauyin gaske, a ƙaramar waya kuwa abin ya ninka. Sati shida ina auna nauyin ma'aunina ne. Gina ta fitarwa sau ɗaya, aikin rabin awa, da ya nuna mini.

"An rubuta a shafin farko na bayaninsu," in ji Oga Yohanna. "Kada a auna sauri a ta gwaji."

Na ce na tsallake wurin.

Ya miƙo mini wayar. Sannan ya ce, "Ni ma ban koya maka ba. A zamaninmu bambancin bai kai haka ba." Ya tashi, na raka shi ya hau keke mai ƙafa uku.

Yanzu aikin da nake yi kuna gani: cire makullin waya, tura waƙoƙi, buga katin biki. In kuna son koyon manhaja zan koya muku abin da na sani, amma ba a sati biyu ba, kuma ba zan ce muku akwai abinci a cikinta a garin nan ba. Masu kawo aiki ba sa tambayar inda bayani ke kwana, sauri kawai suke dubawa da launi. Kayan ginin kuwa duk shekara sai sun canza, kafin ka gane ɗaya an daina yayinsa. Wanda ya fi ni sani ya bar gari, wanda zai zo bayana ma barin gari zai yi.

Madam Rifkatu ta koma Sahuda tana noma, ranar kasuwa tana kawo wake da gyaɗa. Sai da na yi wata huɗu ina wuce rumfarta kafin na tsaya. Muka gaisa, na tsuguna na gaya mata abin da Oga Yohanna ya nuna mini, tun daga farko har ƙarshe. Tana saurare tana tsince tsakuwa a cikin wake.

"Wato wanda muka kai wurin Ardo ranar farko, lafiyarsa ƙalau?"

Na ce ƙalau, rigar gwaji ce kawai a jikinta.

"Da ban matsa maka ba fa?"

Na ce ba ita ba ce. Ita ta faɗi abin da ta gani. Ni ne ya kamata in san abin da nake kallo.

Ta watsar da tsakuwar da ke hannunta. "Ardo ya sauka, ka ji? Ƙaninsa ne yanzu. Kwanan baya wasu sun zo da allura, kyauta, har ruga. Ba wanda ya fito da saniya ko ɗaya."

Wata mata ta tsaya tana taya wake, Madam ta juya wurinta.  Sai na tashi na dawo na buɗe shago.